Ƙanjamau a Eswatini: Daga Tuntun Ulu Zuwa Ƙwaya Ɗaya a Rana

A shekarar 1992, lokacin da hukumomin lafiya na Swaziland suka fara auna jinin matan da ke zuwa awon ciki, kashi 3.9 cikin 100 aka samu da ƙwayar cutar HIV. Zuwa 2004 adadin ya kai kashi 42.6. Wato idan mata goma suka zauna a benci suna jiran ungozoma, huɗu na ɗauke da cutar, kuma yawancinsu ba su sani ba. Ƙasar, wadda Sarki Mswati na Uku ya sauya wa suna zuwa Eswatini a 2018, ƙarama ce ƙwarai, mutanenta ba su wuce miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu ba, tana maƙale tsakanin Afirka ta Kudu da Mozambik. Amma har yau ita ce kan gaba a duniya wajen yawan masu cutar idan aka auna da yawan jama'a: kusan baligi ɗaya cikin huɗu. Don a ga girman abin, binciken ƙasa da Nijeriya ta yi a 2018 ya nuna kashi 1.4 ne tsakanin masu shekara 15 zuwa 49.

Wannan ƙasa ce kuma hukumar UNAIDS ta Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da ƙanjamau ta bayyana a 2020 cewa ta cika burin nan na 95-95-95 shekaru kafin wa'adinsa: kashi 95 na masu cutar sun san suna da ita, kashi 95 na waɗanda suka sani suna kan magani, kashi 95 na masu shan maganin kuma ƙwayar cutar ta kwanta a jininsu. An saba jingina wannan nasara ga “wayar da kai”, kamar dai mutane jahilci ne ya yi musu yawa, aka faɗakar da su, suka gyara. Tarihin bai nuna haka ba. Mutanen Swazi sun san ƙanjamau tun da wuri, sun sha binne 'yan'uwansu kowace Asabar. Babban binciken lafiya na 2006 zuwa 2007 ya nuna kusan babu baligin da bai ji labarin cutar ba, amma a cikin maza waɗanda suka taɓa yin gwaji suka karɓi sakamako ba su kai ɗaya cikin biyar ba. Sani yana nan. Dalilin da zai sa mutum ya yi aiki da sanin ne babu.

Kafin a zo kan faɗakarwar, sai an duba ƙasar da cutar ta faɗo a kai. Shekara da shekaru mazan Swazi suna tafiya ci-rani mahakar ma'adinai ta Afirka ta Kudu, su yi watanni a ɗakunan kwanan maza zalla, su dawo gida hutu. A cikin gida ma haka: gonakin rake na Simunye, Mhlume da Big Bend suna ɗibar leburori daga ƙauyuka, masaƙun Matsapha kuma suna ɗibar 'yan mata da albashin da ba ya biyan haya da abinci lokaci guda. Miji a wani gari, mata a wani, kowa da wanda yake rage masa zafi a inda yake. Masu bincike da yawa sun ɗora nauyi kan wannan tsari na riƙe abokan kwanciya biyu ko uku a lokaci ɗaya na tsawon watanni ko shekaru, ko da yake akwai waɗanda ke ganin an zuzuta tasirinsa. Hujjar masu wannan ra'ayi ta jiki ce. A makonnin farko bayan mutum ya kamu, ƙwayar cutar tana ninkuwa a jininsa fiye da kowane lokaci, shi kuma lafiya lau yake ji, gwajin gaggawa ma bai fara nuna ta ba. Wanda ke da mace ɗaya, cutar za ta tsaya a ɗakin nan har wannan lokaci mai haɗari ya wuce. Wanda ke zagaya uku a mako guda zai iya raba musu kafin wata ya ƙare, su ma kowacce tana da nata zagayen. Ga kuma amana: wanda aka daɗe da shi ba a yi masa maganar kwaroron roba.

A kan wannan sai a ɗora rashin kaciya, wanda za mu dawo kansa, da yawan cututtukan al'aura masu buɗe ƙofa ga HIV, da matsayin mace. Akwai al'adar gadon mata, inda ɗan'uwan mamaci ke shiga ɗakin matarsa, akwai auren da iyaye ke ƙullawa, akwai auren mace fiye da ɗaya, sarkin kansa yana da mata fiye da goma. Wani bincike da aka yi a 2007 da haɗin gwiwar UNICEF ya gano cewa kusan yarinya ɗaya cikin uku an taɓa yi mata cin zarafi na lalata kafin ta kai shekara 18, galibi daga wanda ta sani. Sai a 2018 ƙasar ta samu doka cikakkiya kan laifukan fyaɗe da cin zarafi a cikin gida, bayan an shafe shekaru ana jan ƙafa a majalisa. Alƙaluma suna nuna sakamakon wannan a fili. A binciken ƙasa na 2016 zuwa 2017, tsakanin masu shekara 20 zuwa 24, mata kashi 20.9 ne ke da cutar, maza kashi 4.2. Ninki biyar. 'Yan matan ba daga sa'o'insu suke kamuwa ba, daga mazan da suka girme su ne, masu mota da kuɗin makaranta da katin waya.

An fara gano cutar a ƙasar a 1986. A 1999 sarki ya ayyana ta a matsayin bala'in ƙasa, a 2001 aka kafa majalisar ba da agajin gaggawa kan ƙanjamau, wadda ake kira NERCHA, ƙarƙashin ofishin firayim minista. A wannan shekarar ne kuma fada ta ɗauko wata tsohuwar al'ada mai suna umcwasho. Aka hana 'yan matan da ba su yi aure ba kusantar namiji na tsawon shekara biyar. Kowacce za ta rataya dogon tuntun ulu daga kanta zuwa baya, shuɗi da rawaya ga ƙanana, ja da baƙi ga manya, alamar cewa kada a taɓa. Har musabaha da maza da sa wando an hana. Namijin da ya karya doka tararsa saniya ɗaya, 'yan matan unguwa za su je ƙofar gidansu su jefar da tuntunsu don a kunyata shi.

A takarda abin yana da ma'ana, domin ya fito daga cikin al'ada, ba baƙo ne ya kawo shi ba. A aikace kuwa ya gamu da matsala uku. Ta farko, nauyin ya hau kan yarinya, wadda ita ce mafi ƙarancin iko a cikin lamarin. Tuntu ba ya hana kawu ko malamin makaranta. Ta biyu, a birane irin su Mbabane da Manzini 'yan mata da yawa ba su sa shi ba, ko su sa a hanyar ƙauye su cire a tasha. Ta uku ita ta fi yin ɓarna: ba a yi wata uku ba sarkin da kansa ya zaɓi yarinya 'yar shekara 17 a matsayin wadda zai aura, aka ci shi tarar saniya, ya biya. Mai saniya dubu bai ji komai ba, talakawa kuwa sun gane saƙon. An kawo ƙarshen dokar a watan Agustan 2005, saura shekara guda wa'adinta ya cika, aka tara tuntayen aka ƙone. A tsawon lokacin da take aiki ne alƙaluman awon ciki suka kai ƙololuwa.

A 2006 NERCHA ta gwada wata hanyar, ta tunkari maganar farka kai tsaye. Aka cika allunan talla da jaridu da hoton saƙon waya irin wanda masoyan ɓoye ke tura wa juna, a ƙarƙashinsa an rubuta Makhwapheni uyabulala, ma'ana farkanka zai kashe ka. Ta fuskar jan hankali babu kamfen ɗin da ya kai shi. A motar haya, a mashaya, a coci, maganarsa ake yi. Amma ƙungiyoyin masu ɗauke da cutar suka fito zanga-zanga. Hujjarsu mai ƙarfi ce: matar da ba ta taɓa sanin wani namiji ba sai mijinta, ta kamu a ɗakin aurenta, yanzu duk wanda ya gan ta a layin asibiti zai ce ga makhwapheni. Dole aka sassauta kalaman. Masu kare kamfen ɗin sun ce ya sa wasu maza sun rage yawo, wataƙila kuma haka ne. Sai dai duk saƙon da ya haɗa cutar da abin kunya yana da farashi, kuma a ɗakin gwaji ake biyansa: wanda yake zargin kansa sai ya ƙi zuwa. Tsangwama a lokacin ba ƙarama ba ce. A 2009 wani ɗan majalisa ya ba da shawarar a riƙa yi wa masu cutar tambari a ɗuwawu, daga baya ya nemi gafara.

Sai kaciya. Ga Bahaushe abin zai zo da mamaki, amma a 2007 kashi 8 cikin 100 ne kawai na mazan Swazi ke da kaciya. Sun taɓa yin ta a da, aka bar ta a ƙarni na 19, ana danganta hakan da zamanin Sarki Mswati na Biyu, lokacin da jinyar kaciya ke hana samari fita yaƙi. Gwaje-gwaje uku da aka yi a Orange Farm ta Afirka ta Kudu, Kisumu ta Kenya da Rakai ta Uganda sun nuna kaciya na rage haɗarin namiji ya kamu daga mace da kusan kashi 60, Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita a 2007. Dalilin shi ne cikin fatar loɓa yana da laushi, yana saurin tsagewa, yana kuma ɗauke da irin ƙwayoyin da HIV ke fara kamawa. A 2011, da kuɗin shirin PEPFAR na Amurka, aka ƙaddamar da Soka Uncobe, wato yi kaciya ka yi nasara, da burin yi wa maza 152,000 cikin shekara ɗaya. An kafa tantuna, an kawo likitoci daga waje, sarki ya sa albarka a bainar jama'a. Ko rubu'in adadin ba a samu ba.

Aikin kansa ba shi da wuya: allurar kashe zafi, minti ashirin zuwa talatin, a cire bandeji bayan kwana biyu, a dawo duba bayan mako guda. Abin da ya kori magidanta shi ne sharaɗin mako shida ba kusantar iyali, ga kwanakin da lebura zai rasa ba tare da lada ba. Wanda ya karya sharaɗin kuma ya fi shiga haɗari, domin rauni ne a buɗe. Sannan a farkon shirin mutane sun ɗauka sai an yi gwajin HIV za a yi kaciya, mai tsoron sakamako sai ya ƙaurace wa duka biyun. Jita-jita ta cike gurbin bayani: ina ake kai fatar da aka yanke, ba tsafi ake yi da ita ba? Magidanci ya ce wa matarsa zai je kaciya don kariya, ta tambaye shi kariya daga wa. Wasu kuma suka fahimci “nasara” a matsayin lasisin ajiye kwaroron roba, alhali kashi 40 na haɗarin yana nan, kuma kaciyar ba ta kare mace kai tsaye. Masu tsara shirin sun lissafa likitoci da almakashi da gadaje daidai, ba su zauna da mazan da matansu sun ji ta bakinsu ba. Daga baya aka karkata ga 'yan makaranta a lokacin hutu, adadin ya riƙa hawa sannu a hankali, ya ɗan haura rubu'in maza a binciken 2016 zuwa 2017.

Abin da ya juya al'amarin ya faro ne ba tare da ganga ba. Daga ƙarshen 2003 zuwa 2004 gwamnati ta fara raba magungunan rage kaifin cutar kyauta da tallafin asusun Global Fund. Da farko a manyan asibitoci kawai, a hannun likita, kuma sai garkuwar jikin mutum ta faɗi ƙasa da 200 a ma'aunin CD4, wato sai ya riga ya kwanta. Likitoci kaɗan ne a ƙasar, kuɗin mota daga ƙauyukan yankin Lubombo zuwa asibiti kuma ya fi ƙarfin mai jinya. Sai aka sauko da aikin ƙasa. Aka horar da ma'aikatan jinya su fara ɗora mutum kan magani da kansu a ƙananan asibitocin karkara. Ƙungiyar likitocin nan ta MSF, wadda ta shiga yankin Shiselweni a 2007, ta nuna cewa hakan na yiwuwa a ɗaya daga cikin yankunan da suka fi talauci. Aka ɗauki masu ɗauke da cutar da suka daɗe kan magani aiki a asibitoci, su ne masu ba sabon shiga shawara, su ƙirga ƙwayoyin da suka rage masa, su bi shi gida idan ya ɓace. Iyaye mata da suka haifi 'ya'ya lafiya suka zama masu yi wa masu ciki jagora. Ga kuma ma'aikatan lafiya na ƙauye da ƙasar ke da su tun shekarun 1970, waɗanda jama'a ke zaɓa a gaban hakimi, suna shiga gida gida.

Wannan ita ce faɗakarwar da ta ci. Maƙwabciyar da aka gani an ɗauke ta a baro zuwa bakin titi, bayan wata shida ga ta tana noma, ta yi ƙiba, ita ce kuma ke zaune a asibiti tana cewa ni ma ina sha. Babu allon talla da zai yi wannan aikin. Gwaji ya tashi daga takardar hukuncin kisa ya koma ƙofar samun magani. Mata irin su Siphiwe Hlophe, waɗanda suka kafa ƙungiyar SWAPOL a 2001 bayan sun sha kora da gori daga dangin miji, sun yi shekaru suna wannan aiki a karkara kafin manyan masu ba da tallafi su gane darajarsa. Su ne kuma suka fito kan titi a 2008 suna tambayar yadda aka samu kuɗin kai matan sarki sayayya ƙasashen waje alhali asibitoci na kukan magani.

Ma'aunin shiga magani ya riƙa sassautowa, daga 200 zuwa 350 a 2010, zuwa 500, har a watan Oktoban 2016 aka koma tsarin duk wanda gwaji ya nuna yana da ita a ɗora shi kan magani nan take. Binciken ƙasa da ƙasa da aka fitar a 2011 ya riga ya nuna cewa fara magani da wuri na rage yaɗa cutar ga abokin zama da kashi 96. Daga nan magani ya zama riga-kafi ga al'umma, ba jinyar mutum ɗaya kawai ba.

Yadda abin yake a asibitin karkara a yau shi ne: ana huda yatsa a ɗiga jini a tsinken gwaji na farko, a jira minti goma sha biyar. Idan ya nuna, a tabbatar da wani tsinken na kamfani daban, a kuma sake gwaji kafin a fara magani don kauce wa kuskuren musayar sakamako. Idan bai nuna ba amma mutum ya yi mu'amala mai haɗari kwanan nan, a ce ya dawo, domin irin wannan gwaji yana iya ɗaukar har wata uku kafin ya kama sabon kamu. Maganin yawancin manya ƙwaya ɗaya ce a rana, ta haɗa tenofovir miligiram 300, lamivudine 300 da dolutegravir 50. Bayan wata shida a auna yawan ƙwayar cutar a jini, a sake a wata na goma sha biyu, sannan duk shekara. Idan ta haura 1,000 a kowace mililita, ba a gaggawar canja magani; ana zama da mutum na kimanin wata uku a gano abin da ke hana shi sha, a sake aunawa. Sau da yawa amsar ba ta likita ba ce: babu abinci, ko yana ɓoye kwalbar ga matarsa, ko ya tafi aiki Afirka ta Kudu maganin ya ƙare a can. Wanda cutar ta kwanta masa ana ba shi na wata uku zuwa shida a tafi ɗaya, ko ƙungiyar maƙwabta su riƙa tura mutum ɗaya ya karɓo wa kowa. Wanda kuma ƙwayar cutar ta sauka ƙasa da 200 a kowace mililita ta jininsa ta zauna a nan, ba ya sa wa abokin kwanciyarsa.

Akwai wuraren da ake tuntuɓe. Mutum ya ji sauƙi ya ajiye magani, ko wani mai addu'a ko boka ya ce ya warke. Abin da ke ƙara ruɗa mutane shi ne tsinken gwajin kai da ake goga wa a dasashi yana iya nuna babu cuta ga wanda ya daɗe kan magani, sai ya ɗauka shaida ce ta waraka. Shi ya sa ake gargaɗin masu shan magani kada su yi amfani da shi. Wanda ya daina ya dawo da garkuwa ƙasa da 200 sai an bincika shi don tarin fuka da wani nau'in sanƙarau da naman gwari ke haddasawa, su ne manyan masu kisa. Mai shan rifampicin na tarin fuka kuma dole a ƙara masa dolutegravir 50 bayan awa goma sha biyu, domin rifampicin na sa hanta ta ƙone shi da sauri. Idan aka manta, mutum na shan magani kullum amma bai isa ba. Jariri ana ba shi ruwan nevirapine daga haihuwa, a yi masa gwajin da ke neman ƙwayar cutar kanta a mako na shida, ba gwajin manya ba, domin jininsa na ɗauke da sojojin garkuwar uwarsa har zuwa wata goma sha takwas. Yawancin jariran da ke kamuwa yanzu a lokacin shayarwa ne, ko uwa ta saki magani bayan haihuwa, ko ita kanta ta kamu tana goyo.

Tarin fuka ya cancanci a tsaya a kansa kaɗan, don shi da HIV a Eswatini tafiyarsu ɗaya. Akwai lokacin da ƙasar ta fi kowace yawan masu tarin a duniya, kusan takwas cikin goma na masu shi kuma suna da HIV, har aka ayyana dokar ta-ɓaci a kansa a 2011. Wani bincike ya kuma gano cewa kusan kashi 30 na nau'in tarin da ba ya jin magani a ƙasar yana ɗauke da wani sauyi da na'urar gwajin gaggawa ta GeneXpert ba ta ganinsa. Na'ura ta ce magani zai yi aiki, a sallami mutum da maganin da ba zai yi masa komai ba, ya koma gida yana tari a ɗaki.

Sakamakon duk wannan an auna shi, ba ƙiyasi ba ne, domin ƙasar ta yi binciken gida gida har sau uku. A 2011, cikin manya ɗari marasa cutar, kusan 2.4 ke kamuwa a shekara, kuma kashi 35 ne kawai na masu cutar ta kwanta musu. A 2016 zuwa 2017 sabon kamu ya sauka zuwa kusan 1.4, ragin fiye da kashi 40, waɗanda ta kwanta musu kuma suka ninka zuwa kashi 73. A 2021 sabon kamu ya koma 0.62, kimanin mutum 4,000 a shekara. Binciken ya ba da 94-97-96, wato ɗan ƙasa da abin da aka yi shela a matakin farko, sama da shi a sauran biyun. Tsawon rai da ya faɗo daga kusan shekara 60 zuwa 40 da 'yan kai a tsakiyar shekarun 2000 ya sake komawa kusan inda yake.

Mai karatu zai iya cewa, to me ya sa har a binciken 2021 kashi 24.8 na manya ke da cutar? A nan ake yawan kuskuren fassara. Wannan adadi yana sauka ne ta hanya biyu: ko sabon kamu ya ragu, ko masu cutar su mutu. Tunda sun daina mutuwa, za su ci gaba da shiga ƙidaya shekara talatin ko arba'in masu zuwa. A binciken 2016 zuwa 2017 fiye da rabin matan da ke tsakanin shekara 35 da 39 suna da ita. Waɗannan su ne 'yan matan shekarun tuntu, suna raye, suna renon jikoki nan gaba. Adadin da ya kamata a sa wa ido shi ne na sabon kamu, da kuma wa yake kamawa.

A nan ne hoton ke da duhu. A 2021 sabon kamu tsakanin mata kashi 1.11 ne, tsakanin maza 0.17. Maganin da mata suka rungume ya kare maza sosai. Mazan da ba su je gwaji ba, musamman masu shekara 25 zuwa 34, su ne ke ci gaba da sa wa 'yan mata. Mace tana haɗuwa da gwaji a awon ciki ko ba ta nema ba, namiji kuwa babu abin da ke kai shi asibiti sai ciwo ya kayar da shi, asibitin ma a lokacin aikinsa yake buɗe. Shi ya sa aka koma bin su da tsinken gwajin kai ta hannun matansu, da gwaji a tashar mota da wurin aiki da wurin wankan shanu. Ta ɓangaren 'yan matan, wani gwaji da aka yi da tallafin Bankin Duniya mai suna Sitakhela Likusasa ya ba da darasi mai kyau: an riƙa ba 'yan mata masu shekara 15 zuwa 22 ɗan kuɗi bisa sharaɗin shiga makaranta da halarta, aka samu ragin kamuwa da kusan kashi 23 idan aka kwatanta da waɗanda ba a ba su ba. Ba wani sabon bayani aka yi musu kan HIV ba. An rage musu buƙatar mai mota ne.

Saura kuɗi. Eswatini ta yi abin da ƙasashe da yawa ba su yi ba, tana sayen mafi yawan magungunan manya daga aljihunta. Amma aljihun ya dogara da rabon kuɗin kwastan na ƙungiyar ƙasashen kudancin Afirka, kuma da rabon ya faɗi a 2011 an ga yadda sinadaran gwaji suka yanke a asibitoci. Sauran sassan aikin kuma, masu ba da shawara, masu bin waɗanda suka ɓace, masu shigar da bayanai a kwamfuta, motocin da ke kwasar jini zuwa ɗakin gwaji, shirye-shiryen 'yan mata da na mata masu zaman kansu waɗanda fiye da rabinsu ke da cutar, kaso mai yawa na albashinsu daga PEPFAR yake fitowa. Da gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafin ƙasashen waje a watan Janairun 2025, ta kuma soke wasu kwangiloli, waɗannan ma'aikata ne suka fara zama a gida. Kwalbar magani tana kan kanta, wanda zai lura cewa wance ba ta zo karɓa ba ne babu.

A watan Nuwamban 2025 Eswatini ta shiga sahun farko na ƙasashen Afirka da suka karɓi lenacapavir, allurar riga-kafi da ake yi sau biyu a shekara. A gwajin da aka yi a Afirka ta Kudu da Uganda, cikin mata fiye da 2,000 da aka yi wa ita babu ko ɗaya da ta kamu. Ga yarinyar da ba za ta iya ajiye kwalbar ƙwayoyi a ɗakin da take kwana da ƙannenta ba, wannan babban sauyi ne. Amma tana da nata sharuɗɗan. Ranar farko allura biyu ce a ƙarƙashin fata tare da ƙwayoyi biyu, washegari a ƙara biyu a gida. Dole a yi gwajin HIV kafin kowace allura, domin yi wa wanda ya riga ya kamu na iya haifar da ƙwayar cutar da ba ta jin maganin. Rifampicin na rage ƙarfinta, abin lura a ƙasar da tarin fuka ya yi wa katutu. Sannan dole a dawo a mako na 26, da sassaucin mako biyu gaba ko baya. Wadda ta wuce mako 28 sai an sake mata daga farko, kuma a tsakanin nan ragowar maganin na jikinta, bai isa ya kare ta ba. Riƙe wannan jadawali ga dubban 'yan mata masu sauya lambar waya da wurin zama aikin masu bin sawu ne, su ne kuma rukunin ma'aikatan da yankewar tallafin 2025 ta fi shafa.